Zuwa ga ƙanena a Samaru, kan aikin siniya a kamfanin manhaja a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na ji daɗi da ka ce su Baba suna lafiya. Ka ce shekararka 6 kana rubuta manhaja daga ɗakinka a Samaru, kana yi wa wani kamfani na Legas aiki ta intanet, yanzu kuma kana son neman matsayin siniya, wato babban injiniyan manhaja, a nan Jamus. Ka tambaye ni yadda zaman aikin yake, da irin halin manajojinsu.

Ilimin da muka samo a ABU, da wanda muka ƙara wa kanmu cikin dare idan an kawo wuta, ya isa ya shigar da kai. Abin da ya kusa kayar da ni kawaici ne. Mu a Zazzau an tarbiyyantar da mu kada mu katse babba, balle mu ce masa ya yi kuskure a bainar jama'a. Ina wata na 3 da fara aiki a Berlin aka zauna taro kan sauya rumbun bayanan masu biyan kuɗi. Shugaban sashenmu ya kawo tsarinsa. Na hango inda zai karye idan mutane suka taru a kansa lokaci guda, amma na yi gum, na ce a raina zan same shi mu biyu daga baya. Kafin in samu sarari ya tafi hutu. Bayan mako 3 abin ya tsaya cik da ƙarfe 2 na dare, kuma ni ke riƙe da wayar ko-ta-kwana a makon. Har asuba ina zaune a kicin da bargo a kafaɗa ina gyara abin da magana ɗaya da ta hana.

Da aka rubuta rahoton abin da ya faru, ba a ɗora wa kowa laifi ba. Haka kamfanoni da yawa suke yi: a gano ramin, a cike shi. Amma da muka keɓe da manajata na gaya mata tun farko na ga matsalar, sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce an ɗauke ni siniya ne don in faɗi irin wannan a cikin taro, lokacin da zai yi amfani. Shirun da na ɗauka ladabi ne, su amincewa suka ɗauke shi.

To ka riƙe wannan da kyau. A nan furfura ba ta mayar da mutum siniya. Yarinya 'yar shekara 25 za ta duba kod ɗinka, wato rubutun manhajar da ka yi, ta mayar maka da gyara goma, kuma ba raini ba ne, kai ma haka ake so ka yi wa na shugabanka. Kusan rabin yinina ba na rubuta kod ko kaɗan. Ina duba na wasu, ina rubuta takardar da ke bayyana dalilin da ya sa muka zaɓi wannan hanya muka bar waccan, ina zama da sababbin ɗauka. Duk abin da ba a rubuta ba, kamar ba a yi shi ba ne.

Manaja kuwa ba oga ba ne irin wanda ka sani. Da sunansa za ka kira shi, babu ranka ya daɗe, babu riƙe masa jaka. Duk mako 2 muna zama na rabin awa, kuma ni nake zuwa da abin da za a tattauna. Idan ba ka nemi ƙarin albashi ko girma da bakinka ba, kana nuna abin da ka yi a rubuce, kada ka zaci wani zai tuna da kai don haƙurinka. Akwai miyagun manajoji a nan ma, masu sauya manufa duk Litinin, masu ƙirga yawan aiki ba ingancinsa ba. Shi ya sa ranar intabiyu kai ma ka yi musu tambaya: wa ke yanke hukunci kan tsarin manhaja, sau nawa ake tayar da mutum da dare, me aka yi ranar da abu ya lalace na ƙarshe?

Doka tana tare da ma'aikaci. Mafi ƙarancin hutu kwana 20 ne a shekara ga mai aikin kwana 5 a mako, kuma kamfanoni da dama suna ba da 28 zuwa 30. Idan ka kwanta ciwo, kamfani zai biya ka cikakken albashi har mako 6. Sai dai watanni 6 na farko yawanci gwaji ne, ana iya sallamarka da sanarwar mako 2, alhali takardar zamanka ta Blue Card a kan aikin take tsaye. Ka tuna Google ya sallami mutum 12,000 a Janairun 2023. Babu kamfanin da ya fi ƙarfin haka. Kada ka taho babu ajiya. Kada kuma ka juya albashin zuwa naira ka fara rabo a zuci, don haraji da inshorar lafiya da fansho suna cin kusan kashi 40 cikin 100 na albashin marar aure, kafin a zo ga kuɗin haya.

Batun Juma'a, tun makon farko na sa ta a kalandar aiki, na gaya wa kowa, kuma har yau ba wanda ya sa mini taro a lokacin. Wanda ya yi kara ya ƙi faɗa ne yake wahala. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, sai ka ga azahar da la'asar da magariba duk sun same ka a ofis, don haka ka nemi ɗakin da za ka riƙa shimfiɗa dardumarka.

Ka turo mini takardar bayanan aikinka a wannan makon. A ƙarƙashin kowane aiki ka rubuta shawarar da kai ka yanke da abin da ta haifar, har da wadda ba ta yi kyau ba. Ranar Asabar bayan isha'i zan kira ka mu yi gwajin intabiyu. Zan kawo tsari mai kuskure da gangan, ina so in ji ka ce mini Yaya, wannan ba daidai ba ne. Ka gaida Inna da kyau.