Wane irin tanti ne ya dace da mai doguwar tafiya a kan babur?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Boxer 150, kuma ina shirin tafiya daga Bauchi zuwa Gembu a kan tsaunin Mambila, ta Jalingo da Bali da Serti, wajen ƙarshen damina. Ina so in riƙa kwana a tanti inda ya samu, maimakon kama ɗaki kullum. Na ga irin wanda ake jefawa ya buɗe da kansa, na kuma ga masu sanduna. Wanne zan saya, kuma me zan duba kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ake jefawa ɗin nan, ka bar shi a kasuwa. Idan an naɗe shi ba ya zama dogon ƙunshi, faifai yake komawa mai faɗin santimita 60 zuwa 80, domin wayar da ke cikinsa ba ta rabuwa gaɓa-gaɓa. A bayan mota wannan ba komai ba ne. A kan babur kuwa, in ka kwantar da shi ya fito gefe da gefe, in ka tsayar da shi ya tare iska, duk tirelar da ta gifta sai ka ji babur ya karkata.

Abin da mai babur zai fara tambaya shi ne tsawon tantin bayan an naɗe shi, tun kafin a zo maganar nauyi. Masu tafiya a ƙafa ne ke lissafin kowane giram, shi ya sa nasu yake tsada. Kai inji ne zai ɗauka, don haka kilo 2 zuwa 3 ya yi, kada ka ƙara kuɗi don rage rabin kilo. Tsawon ƙunshin kuwa, gaɓoɓin sandunan ne ke yanke shi. Yawancin na kasuwa suna kai santimita 55 zuwa 65, akwai kuma masu gajerun gaɓoɓi da ke tsayawa a 40 zuwa 45, waɗanda suke shiga jaka ko akwatin gefe. Ka auna faɗin hannun babur ɗinka kafin ka fita: duk abin da za ka gitta a kariya kada ya fi shi faɗi, in ba haka ba inda gaba ya wuce baya zai maƙale. Idan wanda ka samu dogo ne, ka zare sandunan ka ɗaure su daban a tsawon babur, ƙyallen kuma ka cusa a jaka.

Ka sayi na mutum biyu ko da kai kaɗai ne. Lissafin masu ɗinka tanti na mutane ne kwance kafaɗa da kafaɗa, babu kaya. Na mutum biyu yakan kai wajen santimita 210 a tsawo, 130 a faɗi, wato ga makwancinka ga wurin jaka da hular kwano. Ka duba kuma yana da ɗan zaure a bakin ƙofa, inda rufin waje ya zarce gaba. Nan jiƙaƙƙen takalmi da rigar ruwa za su kwana.

Abin da ya fi komai muhimmanci a hanyarka shi ne tantin ya kasance mai riga biyu: ta ciki wadda yawancinta raga ce kamar gidan sauro, da ta waje mai tare ruwa wadda ake iya cirewa. Hanyar da ka zaɓa yanayi biyu ce. Daga Jalingo har Serti ƙasa ce mai zafi da sauro, a nan za ka so raga zalla idan sama ta yi garau, iska na shiga ta ko'ina. Da ka hau tsauni daga Mayo Selbe zuwa Nguroje da Gembu, ka kai tudun wajen mita 1,600, akwai sanyi da hazo da ruwa, sai ka ja rufin waje. Tanti mai riga ɗaya ba ya iya ko ɗaya daga ciki. Da zafi ka dahu, da sanyi kuma tururin numfashinka ya taru a jikin ƙyallen ya riƙa ɗigo maka, ka tashi da asuba kana zargin yoyo alhali ko yayyafi ba a yi ba. A mai riga biyu tururin na ratsa raga ya je ya kwanta a rufin waje, ya gangara ƙasa. Sharaɗin shi ne rigunan biyu kada su taɓa juna, saboda haka a ja igiyoyin gefe su yi tsam, a kuma bar ƙananan tagogin sama a buɗe ko ana sanyi.

A jikin jakar tanti mai kyau za ka ga lamba da "mm" a gefenta. Wannan ma'aunin ƙarfin ƙyallen ne wajen tare ruwa. Rufin waje ya kai 2,000 zuwa 3,000, shimfiɗar ƙasa kuma 3,000 zuwa sama, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matsa ruwa ya ratso. Sai dai lambar ba ta isa ba. Ka juya rufin ka dubi cikin ɗinki: ya kamata ka ga siririn tef an manna a kan kowane layi. In babu shi, ta ramin allura ruwa zai shigo komai kyan ƙyallen. Shimfiɗar ƙasa kuma ta taso sama kamar santimita 10 a kewaye kafin ɗinki ya fara. Tsakanin foliyesta da nailan, foliyesta ya fi jure ranarmu, kuma ba ya saki idan ya jiƙe. Na tamfol mai kauri yana da sanyi, amma nauyinsa ba na babur ba ne.

Sanduna iri biyu ne. Na fayiba sun fi araha, sun fi nauyi, kuma in suka karye tsagewa suke yi a tsawo, su yage hannu su yage ƙyalle. Na alminiyam lanƙwasa suke yi, ana iya zura musu ɗan guntun bututu a naɗe da tef a ci gaba da tafiya. In aljihu zai ɗauka, na alminiyam. Fasali kuma ka nemi mai sanduna biyu da suka gitta juna a sama, wanda ke tsayuwa da kansa ko ba a kafa turke ba, domin wata rana a kan siminti ko fako za ka kwana. Duk da haka in ƙasa ta karɓa ka kafa, iskar gaban hadari tana ɗauke tanti da kayan cikinsa. Siraran turakun da ke zuwa da shi ba sa riƙe yashi. Ka sa maƙeri ya yi maka guda huɗu zuwa shida na rodi, tsawon santimita 25 zuwa 30, ko ka ɗaure igiyar a ƙaramin buhu mai yashi ka binne.

Ka yanki leda mai kauri ka riƙa shimfiɗawa a ƙarƙashi saboda ƙaya da tsakuwa, amma ta gaza ƙasan tantin da kamar santimita 5 a kowane gefe. Idan ta leƙo waje, ita za ta tara ruwan sama ta kai shi ƙarƙashinka.

Wajen ɗauri, tantin ya shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa, ya zauna a kujerar baya kusa da bayanka, ba can ƙarshen kariya ba inda zai sa gaba ya yi sakayau. Ka nisanta shi da salansa, zafinta na narka ƙyallen tun yana cikin jaka. Robar cikin taya da aka tsaga tana ɗauri, amma tana tsinkewa ba sanarwa, don haka ka haɗa da maɗauri biyu masu ƙugiyar ja, ka kuma naɗe jelarsu kada ta faɗa sarƙa ko taya.

In ka sauka, ka kafe babur nesa da tanti yadda ko ya faɗi ba zai same ka ba, ka sa falalen dutse ko katako a ƙarƙashin ƙafarsa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa na nutsewa cikin dare. Kada ka kafa a kwari ko busasshen rafi. Risho da gawayi ba sa shiga tanti ko ana zuba ruwa, hayaƙin da ba a jin warinsa yana kisa, galan ɗin fetur ma ba ya shiga. Zif ya zauna a rufe saboda kunama, takalmi kuma a zazzage shi da safe. Sannan a zamanin nan ba a kafa tanti a dajin da ba kowa: ka shiga gari da sauran rana, ka gai da mai unguwa ya nuna maka wuri, ka kuma tambayi dokar zirga-zirgar babura ta yankin.

Kafin ranar tafiya ka kafa shi a tsakar gida sau biyu, na biyun da daddare da tocila, ka sa a kwarara masa bokitin ruwa kana ciki kana duba layin ɗinki. Duk safiyar da ka naɗe shi a jiƙe, ka baje shi a rana idan ka tsaya sallar azahar, domin kwana biyu a jiƙe cikin jaka sun isa ya fara fumfuna.