Kwamfutar Zane ko Fensira Masu Tsada: Wanne Zan Saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Fagge, ina zana mutane daga hoton waya. Kamannin suna fitowa, amma abokaina sun ce zanen a sandare yake, babu rai. Na ɗan tara kuɗi. Kwamfutar zane zan saya ko akwatin fensira masu tsada?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, ko ɗaya ba zai warkar da abin da ke damunka ba. Hoton waya ya riga ya daskarar da mutum, kai kuma kana bin gefensa layi-layi. Idonka bai saba ganin inda nauyin jiki ya sauka ba, wannan kuwa sai a gaban mutum mai motsi ake koyonsa.

Ka shiga Kasuwar Sabon Gari wajen masu littattafai, ka ɗauki fensir 2B da 6B. B na nufin taushi, gwargwadon girman lambar gwargwadon baƙinsa, saboda haka 6B zai ba ka siririn layi da kakkaura daga dannawar hannu kawai. Bar masu H, tauri gare su, sun fi dacewa da zanen gine-gine. Ƙara reza da ɗan allon katako, ragowar kuɗin ka zuba a takarda mai arha. Rim ɗaya na A4 takarda 500 ne. Na nace kan mai arha ne don na ga yadda hannun mai koyo ke rawa a kan takarda mai tsada, yana tsoron ɓatawa. Abin gogewa ma ka bar shi a gida.

Sai ka sami inuwa kusa da mai shayi ko mai facin taya. Ka ba kowane zane minti 1 ko 2, kada ka wuce. Manta da fuska. Fara da layi guda daga ƙeya zuwa ƙafar da ke ɗauke da nauyi, sannan karkatar kafaɗu da ta ƙugu. Dubi ɗan dako a Kantin Kwari da dila a ka: wuya ya shige, baya ya miƙe, hannu ɗaya ya tallafe kayan. Dubi marini a Ƙofar Mata ya sunkuya bakin rami, nauyinsa duk ya koma gaba. In ka kama wannan da layi biyar, zanen ya yi rai ko babu ido babu hanci. Babbar riga takan ruɗa masu koyo, amma ninkinta daga kafaɗa da gwiwa yake tasowa. Nemo waɗannan wuraren, yadin zai bi.

Ka yi sallama ka nemi izini kafin ka zana mutum, in ya ƙi ka haƙura. Kwamfutar kuwa ta jira ka cinye rim ɗin.

Tambaya: Malam, ni mace ce a Gwale, zaman kasuwa ba zai yiwu mini ba. Kuma gawayin girki zai yi?

Amsa: Ƙanwata, gida ma cike yake da masu motsi: mai daka, mai tankaɗe, yaro da ke rarrafe, Inna tana tsintar shinkafa. Mai daka ta fi sauƙi, don motsinta maimaituwa yake, abin da ya kuɓuce miki zai dawo. Gawayin girki yana yi, ki zaɓi mai taushi wanda ba ya karce takarda. Yana gogewa da wuri, sai ki riƙa sa farar takarda tsakanin zane da zane. Idan zuciyarki na ɗar-ɗar kan hukuncin zana mai rai, ki tambayi malaminki, kafin nan ki yi ta zana turmi, tulu da ninkin mayafi a kan igiya.