Kada Ka Yanka Ƙarfen Tukuna

Sani, ka tambaye ni: "Oga, makullin Camry 2008 da na yi oda ta intanet ya iso. A talla an ce na kamfani ne, sabo, da cip a ciki, wanda mota ke karantawa kafin ta yarda ta tashi. Na danna rimot shiru, na'ura kuma ba ta ga cip ba. Kuɗina sun tafi ke nan?"

Ba su tafi ba, muddin ba ka taɓa ƙarfen ba. Ajiye shi nesa da injin yanka. Da zarar haƙori ɗaya ya fita a jikinsa, mai sayarwa ya samu abin faɗa: zai ce kai ka lalata kayan, kuma masu raba gardama a manhajar da ka yi odar za su saurare shi. Kada ka kai ƙarfen narka dalma kusa da allon ciki, kada ka yar da ledar da aka naɗo shi mai ɗauke da lambar bin sawun kaya. Kada kuma ka yi saurin ba mai sayarwa taurari biyar a manhajar.

Kafin ka kira wani maƙaryaci, tabbatar ba kai ka yi odar da ba ta dace ba. Wannan shi ne inda yawancin yara ke faɗuwa. Motar nan ta Amurka ce, rimot ɗinta yana magana a kan mita 315, alhali na Turai da na Dubai yawanci 433 ne. Kamar rediyo ne, in ka murɗa Globe FM ba za ka ji wata tashar ba. Juya tsohon makullin mai motar ka karanta lambar da ke bayansa. A irin wannan Camry za ka ga HYQ12BBY. Sannan ka duba gindin ƙarfen. In akwai ɗan ɗigo, cip ɗin 4D67 ne. In harafin G ne ko H, wani cip ne daban na motocin da suka biyo baya, kuma ba sa shiga wa juna ko da kwanson iri ɗaya ne sak. To, in tallar ta ce 433 kai kuma ka saya wa motar 315, laifinka ne, sai dai ka roƙi canji. In ta ce 315 da 4D67 amma abin da ya zo daban, kana da haƙƙi cikakke.

Ɗauki hoton tallar a wayarka yanzun nan, da sunan kayan da bayanin ƙasa da farashi. Wasu suna gyara rubutun da zarar sun ji ƙorafi. Ka karanta ƙananan rubutun da kyau, don akwai masu saka hoton cikakken makulli amma can ƙasa sun rubuta kwanso kawai ne, babu allo babu cip.

Sai gwaji, kuma a gaban kyamara za ka yi shi. Fara da batir. Buɗe a hankali da siririn sukudireba, ka ga ko akwai 'yar roba da aka saƙala ƙarƙashin batirin. Sau da yawa ita ce ke hana rimot aiki. Auna shi, CR2016 ne, ya kamata ya ba ka bolt 3. In batir lafiya, ɗauko Xhorse ɗin shago, wato na'urarmu ta gwada makulli, shiga wurin gwajin mita, danna maɓalli, lambar za ta fito a allo. Daga nan ka zura kan makullin cikin zoben karanta cip. Ko dai ta faɗa maka irinsa, ko ta ce babu komai. Yi bidiyo ɗaya ba yankewa: ledar da lambarta, makullin gaba da baya, allon na'urar, sannan ka gwada tsohon makullin mai motar a wuri guda don a ga na'urar lafiyarta ƙalau. Wannan gwajin na biyu shi ke rufe bakin mai cewa injinka ne ya lalace.

Na hannu da aka sayar da sunan sabo ba ya ɓuya. Duba inda batir ke zama, za ka ga gogewa a jikin ƙarfen, wani lokaci da kore-kore na tsatsa, ko dalma sabuwa mai ƙyalli a ƙafar maɓalli ɗaya. A makullin da ake tada mota da dannawa abin ya fi muni, domin wanda aka taɓa haɗawa da wata Toyota a kulle yake da waccan motar. Na'ura za ta nuna maka a kulle yake. Ana iya buɗe wasu, amma ba abin da ka biya kuɗi a kai ke nan ba.

Yanzu neman kuɗi. A cikin manhajar za ka shigar da ƙorafi, ba a WhatsApp ba. Kowace kasuwa da wa'adinta: AliExpress kwana 15 bayan kaya sun iso, eBay kwana 30, Jumia kwana 7 ga yawancin kaya. Suna sauya ƙa'ida, don haka ka duba abin da ke rubuce a shafin odarka. Wajen zaɓen dalili ka zaɓi cewa kaya ba su yi daidai da bayanin talla ba. In ka zaɓi "na fasa" ko "ba na buƙata", ka ɗora wa kanka kuɗin mayarwa da hannunka. Rubutun kada ya wuce layi uku: ga abin da aka tallata, ga abin da ya zo, ga abin da nake nema. Ban da zagi. Wanda zai karanta bai san cip ba, lambobi biyu da suka saɓa kawai yake son gani.

Ga tarkon da nake so ka riƙe. Mai sayarwa zai aiko maka da daɗin baki, ya ce rufe ƙorafin, zan turo maka wani kyauta. Kaya daga Sin zuwa Bauchi suna cin makonni. Kafin ka gane ba abin da ke tafe, wa'adi ya wuce. Ka ce masa ka yarda, amma ƙorafi yana buɗe har sabon ya iso ko kuɗi su shigo. Haka in ya ce zai biya ka ta wata hanya a waje. In ya yi shiru, ka nemi manhajar ta shiga tsakani; a eBay bayan kwanakin aiki 3 ake iya yin haka.

In an ce sai ka mayar da kaya, je gidan waya ka tambayi kuɗin aikawa tukuna. Sau da yawa ya fi kuɗin makullin. Nemi a biya ka ba tare da mayarwa ba, ko a ba ka wani kaso in kwanson zai yi maka amfani. In dole ne, aika da lambar bin sawu ka adana rasit. Wani abu kuma: in ta hannun wakili a Amurka aka karɓi kayan eBay sannan aka turo maka, kariyar ba ta bin kayan da aka sake aikawa wani adireshi. Wakilin ya duba lambobin tun suna hannunsa.

In da kati ka biya kuma manhaja ta hana ka, je bankinka ka cike takardar ƙalubalantar cinikin, da bidiyon da hotunan. Kada ka haɗa biyun lokaci guda, manhaja takan rufe nata shari'ar in ta ga banki ya shigo.

Mai wahalar shi ne wanda ka gani a Jiji ko Facebook ka tura masa kuɗi kai tsaye, ya ba direba ya kawo tasha. A nan babu mai riƙe kuɗi a tsakani, sayen kifi a ruwa ne. Adana rasit ɗin turawa da duk hirarku, ka ba shi kwanaki ƙayyadaddu a rubuce. In ya ƙi, akwai hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu sayayya ta 2018 ta kafa, tana karɓar irin wannan ƙorafi. In ya toshe lambarka, zamba ce, ka sanar da banki da 'yan sanda da wuri. Gaba kuma, in kayan kasuwar Ladipo ta Legas ne ko Ƙofar Ruwa ta Kano, sa wani naka ya je a gwada a gabansa kafin kuɗi su fita.

Mai motar kuwa kada ka bar shi yana sintiri. Kira shi yau ka gaya masa gaskiya, ka mayar masa da kafin alƙalaminsa ko mu haɗa masa daga na shago. Ɗauko makullin da ledarsa, ka caja wayarka, mu yi bidiyon kafin la'asar.