Dalilin da ya sa ba ma share lambu a kaka

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka sare busassun karan furanni da kwashe ganyen da ya zube a lambunan da muke kula da su a nan Ingila, alhali ga watan Oktoba ya yi nisa, masu gidaje kuma suna biyanmu ne domin wurin ya yi tsaf. Tambayarka tana bisa hanya, domin duk wanda ya taso a inda ake gama girbi a ɗaure kara a kai gida, hannunsa zai riƙa ƙaiƙayi idan ya ga busasshen tsiro a tsaye. Sai dai a can akwai dabbobin da ke jiran karan da dangar da za a gyara, a nan kuwa lambun ne da kansa ya fi kowa buƙatarsa.

Gobe idan muka fita aiki, ka karya kara ɗaya mai rami a ciki ka duba da kyau. Sau da yawa za ka tarar da jajayen ƙwarin nan masu baƙaƙen ɗigo a baya sun cure wuri guda suna jiran sanyi ya wuce, kuma su ne za su fito da bazara su cinye darɓar da ke lalata tohon wardi. Wanda ya sare karan ya zuba a shara ya kori ma'aikatan da ba ya biya, sannan ya koma sayen maganin feshi. Kan furen da ya bushe da irinsa kuwa shi ne abincin ƙananan tsuntsaye a Disamba da Janairu, lokacin da ƙasa ta daskare. Haka tsiron nan mai hawa bango da ake kira aibi, kada ka aske shi yanzu, domin daga Satumba zuwa Nuwamba yake fure, sa'ad da ƙudan zuma suka rasa sauran furanni.

Ganyen da ya zube a gindin tsirrai shi ne ya fi damuna idan na ga ana kwashe shi. Yana rufe saiwa daga daskararriyar raɓa, yana hana ruwan sama daddaɓe ƙasa, tsutsar ƙasa da ake kira tana kuma tana jan sa cikin rami sannu a hankali har ya zama taki. Ka ɗaga jiƙaƙƙen ganye a ƙarshen Nuwamba, za ka ga wasu a tsaye, rabinsu ya shige ƙasa. Aikin tana ke nan, wanda masanin halittu Charles Darwin ya daɗe yana nazarinsa har ya wallafa sakamakon a 1881. A cikin tarin ganye da itace ne kuma bushiya take yin dogon barcinta daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Saboda haka, a daren 5 ga Nuwamba da mutanen ƙasar nan suke hura wutar biki, idan aka sa ka ƙona tarin itace, ka kwashe shi zuwa wani wuri a ranar kafin ka ƙyasta ashana, domin bushiya ba ta gudu idan ta tsorata, dunƙulewa take yi.

Amma kada ka ɗauka cewa naɗe hannu za mu yi, domin akwai abin da barinsa ɓarna ce. Ganyen wardi mai baƙin tabo da ganyen tuffa mai cuta dole a tsince su a fitar daga lambun, ba a sa su cikin takin gida, saboda cutar tana kwana a jikinsu ta dawo baɗi. Ganyen da ya rufe filin ciyawa sai an ja shi da manjagara, in ba haka ba ciyawar za ta yi rawaya ta ruɓe. Ka tara shi a kusurwa, cikin shekara ɗaya zuwa biyu zai zama baƙin taki mai laushi. Wanda ya faɗa tafkin kifi da wanda ke kan hanyar tafiya, inda tsoho zai iya santsi, su ma a kwashe. Furen daliya kuwa, da zarar sanyin farko ya baƙanta ganyenta, a tone saiwarta a adana inda ba ya daskarewa.

Sauran maganar ta mai gida ce, wanda zai leƙo ta taga ya zaci mun yi sakaci. Ka daidaita bakin filin ciyawa da kyau, ka share hanyoyi, ka ɗaure abin da iska ta kwantar. Idan gefe ya fita sosai, kowa zai gane da gangan aka bar tsakiya. Idan ya nemi ƙarin bayani, ka ambata masa Piet Oudolf, ɗan ƙasar Holan da ya tsara shuke-shuken High Line, wani wurin shaƙatawa da aka yi a kan tsohon layin dogo a birnin New York, wanda aka buɗe kashinsa na farko a 2009, mutumin da yake zaɓen tsiro har don kyan da zai yi bayan ya bushe.

Saran da kake ɗoki zai zo a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, idan ka ga sabon toho ya ɓullo daga gindi. A lokacin ma ka yanka a hankali don kada almakashi ya taɓa tohon, kuma ka jingine karan a bayan lambu na 'yan makonni, domin abin da ke ciki ya samu fita kafin a kai shi ramin taki.