Ɗiyata tana son shiga "sorority" a Amurka, ƙungiyar asiri ce?

Tambaya: Anti, ɗiyata ta samu gurbin karatu a Amurka bayan ta ci Bak, jarrabawar gama sakandare, a nan Garwa ta Kamaru. Shekaranjiya ta kira ni ta WhatsApp, wai in tura mata kuɗi za ta shiga wata ƙungiyar 'yan matan jami'a, sorority. Na ga hotonsu, duk riga iri ɗaya, da wasu baƙaƙe a ƙirji waɗanda ban iya karantawa ba. Babanta ya ce irin ƙungiyoyin asirin jami'o'in Najeriya ce. Tun ranar barci ya ƙaurace min.
Wata uwa daga Yelwa, Garwa

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kwantar da na Alhaji. Baƙaƙen nan haruffan Girkanci ne, da su suke raɗa wa ƙungiyoyin suna. Jami'a ta san da zamansu, kuma sun daɗe: ta farko a 1851 aka kafa ta a garin Macon na jihar Jojiya. Ta baƙaƙen fata, Alpha Kappa Alpha, a Jami'ar Howard ta fara a 1908, Kamala Harris ma 'yar cikinta ce. Suna da rantsuwa da 'yan al'adun da ba su faɗa wa bare, amma iyakar kamarsu da ƙungiyoyin asiri ke nan.

Abin da ya ja ɗiyarki na san shi, kaɗaici ne. Yarinyar da ta saba cin tuwo kwano ɗaya da ƙannenta, yau ga ta ita kaɗai da faranti a ɗakin cin abinci. Ƙungiyar za ta haɗa ta da wata yaya mai lura da ita, a sa ido kan makinta, tsofaffin membobi kuma sukan yi wa na baya hanyar aiki.

Ni inda gabana ke faɗuwa shi ne kuɗi. Wannan ba adashi ba ne da ake zubi a kwasa. Kowane zangon karatu sai an biya, wani wurin ɗaruruwan daloli, inda suke da gidan kwana kuma dubbai. Dala 1,000 ta haura sefa dubu 500, ban da anko da kyaututtuka da tarar rashin zuwa taro. Shigar ma ba a hannunta take ba. Kusan mako guda ake yi tana zagaya gidaje cikin kwalliya ana hira da ita, kullum ana zubar da wasu, ranar ƙarshe a miƙa wa waɗanda aka zaɓa takardar gayyata. A Jami'ar Alabama sai da jaridar ɗalibai ta tona a 2013 cewa ana ƙin ɗaukar baƙaƙen fata.

Sai batun giya. Yawanci an hana ta a gidajen matan, amma a gidajen ƙungiyoyin samari ake shagalin, can kuwa ba a rasa ta. Wahalar da ake ba sababbin shiga ma ta yi ƙamarin da sai da aka sa hannu kan dokar tarayya a kanta a Disamban 2024.

In ni ce, bana ba zan tura ko dala ba. Ta fara shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta 'yan Afirka, kusan kyauta ne. Akwai ma sorority ta Musulmi mata, Gamma Gamma Chi, tun 2005. In baɗi tana nan kan bakanta, ta turo miki takardar kuɗin shekara a rubuce, ta kuma haɗa ki a waya da wata memba mai sa hijabi, ki tambaye ta yadda take yi da daren Juma'a da na Asabar.