Ɗalibaina sun fi tsintar ƙwallo fiye da buga ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Koci. Ni malamin motsa jiki ne a wata kwaleji. A wannan zangon an ɗora mini koyar da ƙwallon tebur ga 'yan shekarar farko su 24, kuma tebur biyu kawai gare mu. Yawancinsu ba su taɓa riƙe raket ba. Da na ba su ƙwallo sai kowa ya hau zabga mata ƙarfi, rabin darasin a tsintar ƙwallo yake tafiya. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Shawarata ta farko ita ce a makon farko kada ka bari kowa ya matso kusa da tebur. Kowa ya ɗauki raket da ƙwallo, ya yi ta ɗaga ta a kan raket ɗin har sau 50 ba ta faɗi ba, sai ya koma ɗaya fuskar, daga nan ya riƙa juya fuskokin biyu. In raket ba su isa ba, su yi bibbiyu suna karɓa-karɓa. Ƙwallon nan nauyinta giram 2.7 ne kacal, faɗinta milimita 40. Hannun da ya saba da manyan ƙwallaye sai ya fara sanin wannan rashin nauyin kafin ya iya sarrafa ta.

A nan ne za ka gyara musu riƙo. Ka koya musu riƙon musafaha, wato kamar za su gaisa da ƙotar raket ɗin, babban yatsa a fuska ɗaya, manuniya a miƙe a gindin robar ɗaya fuskar. Akwai riƙon alƙalami da 'yan wasan China da dama suka yi suna da shi, amma bugun bayan hannu da shi yana ba sabon shiga wahala. Ni nakan zagaya ta bayan ɗalibi in ja raket ɗin a hankali. In ya ƙi zamowa daga hannunsa, to ya matse shi da yawa, wuyan hannunsa ba zai saki ba.

Abin da na fi so ka ba lokaci shi ne juyin ƙwallo, domin shi ke karya wa sababbi gwiwa. Na taɓa koyar da wani dogon saurayi da duk ƙwallon da na yanko masa sai ta faɗa raga, har ya rantse raket ɗinsa ne ya lalace. Sai na ɗauki ƙwallo na shafe rabinta da baƙin alƙalamin maka, na goge ta ta ƙasa na sake ta a daɓe. Ta yi gaba kaɗan, sai ga ta ta dawo wajen ƙafata. Na ce ya riƙe raket a tsaye, kada ya motsa shi ko kaɗan. Na aiko masa mai juyin baya, ta taɓa robar ta nutse ƙasa. Na aiko mai juyin gaba, ta yi tsalle sama. Ya yi shiru yana kallon raket ɗin, daga nan da kansa ya fara buɗe fuskarsa sama ga ta farko, yana kifa ta ga ta biyu. Ɗaliban kwaleji manya ne, in suka ga dalilin abu da idonsu ba sa mantawa, don haka kada ka tsaya a kan “yi kaza” kawai.

Maganar tebur biyu kuwa, ka ari dabarar da masu horarwa na China suka yaɗa. Ka tsaya da kwando cike da ƙwallaye, kana aika wa ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, guda 20 a wuri guda, wasu na tsinta, sauran na bayansa suna kwaikwayon bugun ba ƙwallo, gwiwa a ɗan lanƙwashe. A ɗaya teburin, mutum biyu su yi ta miƙa wa juna suna ƙirgawa da ƙarfi. Wanda bai kai 20 a jere ba, ba a ba shi izinin zabgawa ba tukuna. Za ka ga masu son nuna ƙarfin nan su ne za su fi kowa natsuwa.

Sabis kuma, wato bugun da ake fara wasa da shi, tun ranar farko da suka hau tebur ka sa su yi shi bisa doka: ƙwallo a buɗaɗɗen tafin hannu, a cilla ta sama aƙalla santimita 16, ba a ɓoye ta da jiki ko hannu. Wanda ya saba bugawa daga cikin hannu, cire masa wannan ɗabi'a aiki ne ja. Bayan makon farko, minti goma na ƙarshen kowane darasi ka bar su su kara da juna. Tun 2001 wasa a maki 11 yake ƙarewa maimakon 21, ana sauya mai sabis bayan maki biyu, in an yi 10 da 10 sai wani ya ba da tazarar biyu. Ka sa masu jiran layi su riƙa yin alƙalanci, su ne za su faɗi maki su kuma kama sabis ɗin da ya saɓa doka.