Zane da waya: amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina zane da manhajar ibisPaint amma duk abin da na zana sai ya fito sumul kamar roba, ba armashi. Ko wayar ce?

Amsa: Ƙanwata ba wayar ba ce wallahi, kusan duk mai koyo sai ya bi ta nan. Ga gwajin da nake so ki yi, ki shiga cikin gari ta Ƙofar Doka da hantsi lokacin da rana ke dukan bango ta gefe, ki samu tsohon ginin ƙasa ki ɗauki hotonsa kusa-kusa yadda tsage-tsagen nan da ciyawar da aka kwaɓa da ita za su fito sosai. Sai ki ɗora hoton a sabuwar leya (wato shimfiɗa ta daban a manhajar) saman zanen, ki maida yanayin haɗuwarta da zanen zuwa Overlay ko Multiply, ki rage ƙarfinta zuwa kamar kashi 30. Nan take za ki ga zanen ya yi jiki. Saƙar tabarma ma tana yi, haka ma fatar dukawa.

Inuwa kuma don Allah ki daina yinta da baƙi, shi ke kashe kala. Buɗe wata leya, kunna Clipping don kar fenti ya tsallake layi, sa Multiply, ki shafa shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa.

Sa kayan gida cikin zane yana da asali a garin nan na Zariya fa. A 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suna ɗalibai a kwalejin da ta zama ABU a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, manufarsu a haɗa dabarar Turawa da zanen gida. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaranmu ba sa zana komai sai katun ɗin Japan alhali ga dagi nan da zayyanar ƙofar fadar Zazzau, kuma ibisPaint na da rula mai maimaita gefe da gefe wadda ta dace da dagi ƙwarai.

Tambaya: Yallaɓai biron taɓa waya da ake sayarwa a PZ zai yi?

Amsa: Mai kan roban nan yatsa ne kawai siriri, ba ya jin dannawa. In kana da laptop ka tara kuɗi ka sayi ƙaramin allon zane na Huion ko Wacom, ka sauke manhajar zane ta Krita, kyauta ce.

Tambaya: Na kai zanena an buga a Sabon Gari ya fito dishi-dishi.

Amsa: Matsalar ita ce shafin da ka buɗe tun farko ya yi ƙanƙanta. A4 yana son 2480 da 3508 na fiksel, wato ɗigo 300 a kowane inci (300 dpi). Kuma in ta WhatsApp za ka tura ka tura shi a matsayin fayil, in ka tura a hoto matse shi yake yi.